Gidan Aro da Kuɗin Baƙi: Waiwaye Kan Cibiyar Sakharov ta Mosko

A ranar 18 ga Agusta, 2023, Kotun Birnin Mosko ta yanke hukuncin rushe ƙungiyar da ke riƙe da Cibiyar Sakharov. Ba mai bin bashi ne ya kai ta ƙara ba. Ma'aikatar Shari'a ce ta shigar da ƙarar, tana cewa ƙungiyar ta shirya taruka a wajen birnin da aka yi mata rajista, ta kuma saki wasu abubuwa ba tare da tambarin da doka ta ɗora mata ba. Da haka aka rufe littafin wata ƙaramar cibiya da ta yi shekara 27 tana ajiye tarihin waɗanda mulkin Sobiyet ya ɗaure, ya kora, ko ya kashe.

An yi rubuce-rubuce da yawa kan siyasar wannan rufewa. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne aljihun cibiyar: daga ina kuɗinta ke zuwa, wa ke iya tsayar da shi, kuma yaya wannan ya riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani. Wanda ya bi sawun kuɗin zai ga cewa lafiyar irin wannan ƙungiya ba a yawan abin da ke asusu take ba. Tana ga yawan hannayen da ke zuba mata, da kuma ko akwai mutum ɗaya da zai iya janye su duka a rana guda.

Andrei Sakharov masanin kimiyya ne da ya taka babbar rawa wajen ƙera wa Tarayyar Sobiyet bam ɗin haidurojin, daga baya ya juya ya zama mai kare haƙƙin ɗan Adam. Ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1975. A Janairun 1980, bayan ya soki mamayar Afghanistan, aka kai shi garin Gorky aka tsare, sai a Disamban 1986 Mikhail Gorbachev ya ba shi izinin komawa Mosko. Ya rasu a ranar 14 ga Disamba, 1989. A farkon 1990 matarsa Elena Bonner da abokan gwagwarmayarsa suka kafa kwamitin adana abin da ya bari. A 1994 suka buɗe taskar takardunsa a wani sashe na ginin da ya zauna a titin Zemlyanoy Val, sannan a Mayun 1996, daidai lokacin da zai cika shekara 75 da haihuwa, suka buɗe gidan tarihi da zauren taro a wani tsohon gini kusa da kogin Yauza.

Sai an tuna halin da Rasha ke ciki a lokacin kafin a gane girman wannan aiki. A zamanin Sobiyet gwamnati ce uwa ita ce uba ga duk wani gidan tarihi, ɗakin karatu da gidan wasan kwaikwayo. Da tarayyar ta wargaje a Disamban 1991, wannan tushe ya ƙafe. A 1992 kaɗai farashin kaya ya ninka fiye da sau ashirin, ajiyar da mutane suka yi shekaru suna tarawa ta zama takarda. Ma'aikatan gidajen tarihi na gwamnati kan yi watanni ba albashi. Al'adar ba da gudummawa ga ƙungiya mai zaman kanta kuwa an yi shekara saba'in ana kashe ta, har dokokin da suka tsara irin waɗannan ƙungiyoyi ma sai a 1995 da 1996 aka yi su. A cikin wannan hali cibiyar ta tashi da jari iri uku: sunan Sakharov, gine-ginen da gwamnatin birnin Mosko ƙarƙashin Yuri Luzhkov ta ba ta ba tare da kuɗin haya ba, da tallafin gidauniyoyin ƙasashen waje.

Na farkon nata ne halak malak. Sauran biyun na wasu ne. Amma a shekarun 1990 ba wanda yake kallon abin haka. Gwamnatin Boris Yeltsin tana alfahari da sunan Sakharov, ba da gini ga masu tunawa da shi kuwa abin yabo ne ga magajin gari. Kuɗin baƙi ma ba abin ɓoyewa ba ne, domin gwamnati da kanta tana maraba da su. Attajiri George Soros ya ware dala miliyan 100 don kada masana kimiyyar tsohuwar tarayyar su watse, ya sa intanet a jami'o'i, ya riƙa saya wa ɗakunan karatu na larduna littattafai da mujallu. Gidauniyar Ford da ta MacArthur duk sun buɗe ofisoshi a Mosko, hukumar USAID ta gwamnatin Amurka ma tana aiki a sarari. Duk wanda ya iya tsara takardar neman tallafi da Ingilishi yana da hanyar rayuwa.

Aikin da cibiyar ta ɗauka ba mai kawo kuɗi ba ne, kuma ba zai taɓa zama haka ba. Ta tara ɗakin karatu na littattafai kan danniyar siyasa. Ta tattara ɗaruruwan labaran da tsofaffin fursunonin sansanonin Gulag suka rubuta da hannunsu ta zuba su a intanet, kowa ya karanta kyauta. Ta yi kundin wuraren tunawa da waɗanda aka kashe a faɗin ƙasar. Tana shirya laccoci, muhawara, nuna fina-finai da baje kolin zane da hotuna. Jikar da ta zo neman sunan kakanta da aka kama a 1937 ba za a miƙa mata rasit ba. Amma wanda ya zauna yana buga waɗannan labarai shafi bayan shafi yana da iyali, gini yana buƙatar ɗumama na tsawon hunturun Mosko, rufi yana yoyo, mai gadi yana jiran ƙarshen wata.

A nan matsalar tallafin waje take, tun ma kafin siyasa ta shigo. Mai ba da tallafi yana son aiki mai farko da ƙarshe: taro, littafi, baje koli, wanda za a kammala cikin shekara ɗaya ko biyu a rubuta rahoto. Ba kasafai yake son biyan kuɗin wuta da albashin akanta ba. Don haka shugaban irin wannan cibiya kullum yana cikin lissafi, yana yanko kaɗan daga wannan aiki da wancan don ya rufe abin da ba wanda ya yarda ya ɗauka, yana kuma rubuta takardar neman na baɗi tun na bana bai ƙare ba. A takarda ƙungiyar tana da kuɗi. A zahiri ba ta da ko sisi da za ta ce nata ne, ta kashe yadda ta ga dama ko ta ajiye don ranar wuya. Rikicin Agustan 1998, lokacin da gwamnati ta kasa biyan bashinta, rubul ya faɗi daga kusan 6 zuwa sama da 20 a kan dala, manyan bankuna suka durƙushe, ya ƙara tabbatar wa kowa cewa dala ce abin dogaro, cikin gida kuwa ba abin da za a samu.

Zuwa shekarar 2000 cibiyar ta shiga matsanancin ƙarancin kuɗi har ana maganar rufe ta. Ceto ya zo daga inda ya jawo ce-ce-ku-ce. Boris Berezovsky, hamshaƙin da ya yi dukiya a rabon kadarorin gwamnati na zamanin Yeltsin, ya taimaka wa Vladimir Putin ya hau mulki, sannan suka ɓata ya bar ƙasar, shi ne ya ba da dala miliyan 3 a ƙarshen wannan shekara. Elena Bonner ta karɓa, ta kuma kare karɓar a bainar jama'a. Mutane da yawa, har cikin masoya Sakharov, abin bai kwanta musu ba, suna ganin attajirin yana wanke sunansa ne da sunan mutumin kirki.

Ina fahimtar masu wannan ƙorafi, amma ba na iya ɗora wa Bonner laifi. Wanda ke da ma'aikata da taskar takardu a wuyansa ba ya zaɓe tsakanin kuɗi mai tsabta da marar tsabta, yana zaɓe ne tsakanin buɗe ƙofa da rufe ta. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne abin da ya tona: shekara goma sha ɗaya bayan rasuwar mutumin da dubban Rashawa suka yi layi cikin sanyi don yi masa bankwana, ba a samu isassun 'yan ƙasa da za su riƙe gidan tunawa da shi ba, sai attajiri ɗaya mai rigima da fadar Kremlin. Kuɗin sun ba cibiyar numfashi na shekaru, sun kuma liƙa mata alamar adawa a idon hukuma tun mulkin Putin yana jariri.

Shekarun da suka biyo baya su ne na wadata. Gangar ɗanyen mai da ta faɗi ƙasa da dala 15 a 1998 ta haura dala 140 a tsakiyar 2008. Albashi ya ƙaru, Mosko ta cika da manyan kantuna da motoci, attajirai suka fara neman suna ta hanyar al'adu. Viktor Vekselberg ya sayo ƙwayayen ado na Fabergé daga Amurka a 2004 ya dawo da su gida. Gidauniyar Vladimir Potanin ta riƙa tallafa wa gidajen tarihi. A 2008 aka buɗe cibiyar zane ta Garage da kuɗin Roman Abramovich. A ƙarshen 2006 ma an yi dokar da ta ba ƙungiyoyi damar kafa asusun wakafi, a zuba jari a riƙa cin ribarsa. Kuɗin al'adu sun wadata a ƙasar, sai dai sun san ƙofofin da za su bi da waɗanda za su kauce wa.

Darasin an koyar da shi ne a Oktoban 2003, ranar da aka kama Mikhail Khodorkovsky, mai kamfanin mai na Yukos, wanda gidauniyarsa ta Open Russia ke tallafa wa ilimi da ƙungiyoyin farar hula. A 2006 aka daskarar da asusun gidauniyar. Daga nan kowane mai dukiya ya gane cewa gyara fadar sarakunan dā ko ɗaukar nauyin ƙungiyar makaɗa ba ya jawo wa kowa fitina, amma ba da kuɗi ga masu tono kaburburan zamanin Stalin, masu rataye ƙyalle a bangon gininsu suna neman a daina yaƙin Checheniya, wannan neman magana ne.

Ita ma cibiyar ta ɗauki matakan da suka nisanta ta da jama'a da yawa. A Janairun 2003 ta buɗe wani baje kolin zane kan addini, wanda mabiya Cocin Orthodox suka ɗauka cin mutunci ne ga abin da suke girmamawa. Kwana huɗu da buɗewa wasu maza suka shiga suka farfasa kayan, suka fesa musu fenti. Su ba a hukunta su ba, sai daraktan cibiyar, Yuri Samodurov, aka gurfanar, aka ci shi tarar rubul 100,000 a 2005. Wani baje kolin na 2007 ya sake kai shi kotu, aka ci shi tarar rubul 200,000 a 2010, lokacin ya riga ya sauka tun 2008, Sergei Lukashevsky ya gaje shi. Ba na goyon bayan wanda ya ɗauki doka a hannunsa, ba na kuma ganin hikima a taɓa abin da mutane ke bauta wa. Ta fuskar aljihu kuwa, tarar ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi, wanda wataƙila an kashe kakansa a sansani kuma da zai so ya taimaka, ya ga sunan cibiyar a talabijin tare da kalmar saɓo, ya mayar da hannunsa aljihu.

A daidai wannan lokaci baƙin ma suka fara tattara kayansu. Soros ya rage yawancin ayyukansa a Rasha a 2003. Gidauniyar Ford ta rufe ofishinta na Mosko a 2009. Ga mai ba da tallafi da ke zaune a New York, ƙasar da ke sayar da mai da iskar gas ga rabin Turai ba ta cikin mabuƙata. Hukuma kuma tana ƙara matsa wuya: bayan juyin da aka yi a Yukiren a 2004, wata doka ta 2006 ta ƙara wa ƙungiyoyi nauyin rahoto, a 2008 kuma aka rage jerin ƙungiyoyin duniya da tallafinsu ba ya biyan haraji daga 101 zuwa 12. Saboda haka shekarun da ƙasar ta fi kowane lokaci kuɗi su ne shekarun da hanyoyin cibiyar suka fara tsukewa ta ciki da ta waje.

Bayan zanga-zangar ƙarshen 2011 da dawowar Putin kujerar shugaban ƙasa a Mayun 2012, sai aka zo da dokar da ta sauya komai. Duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗi daga waje, tana kuma yin abin da hukuma ta kira harkar siyasa, dole ta yi rajista a matsayin wakiliyar ƙasashen waje, laƙabin da Rashawa ke ji kamar an ce ɗan leƙen asiri. A wannan shekara aka sallami USAID daga ƙasar. Da ƙungiyoyi suka ƙi yin rajista da kansu, a 2014 aka ba Ma'aikatar Shari'a ikon saka su da ƙarfi. A Disamban 2014 sunan Cibiyar Sakharov ya shiga jerin.

Sai an leƙa teburin akanta za a ga abin da wannan laƙabi yake yi wa ƙaramar ƙungiya. Rahoton yadda aka kashe kuɗi duk wata uku. Rahoton ayyuka da na shugabanni duk wata shida. Binciken odita na dole kowace shekara, wanda ƙungiyar ce za ta biya daga aljihunta. Kowane littafi, kowace sanarwar lacca, kowane bidiyo sai an manna masa jimlar da ke cewa wakilin ƙasashen waje ne ya fitar. Aka manta sau ɗaya, tara ce daga rubul 300,000 zuwa 500,000. A 2015 an ci cibiyar tara sau biyu, rubul 300,000 da kuma 400,000. Ba wani mai tallafi da ke sa layin biyan tara a kasafin aikin da ya amince da shi, don haka irin wannan kuɗi sai an fita an nemo shi daban. Lokacin da ya kamata ma'aikaci ya yi yana jera takardun tarihi, a ofishin lauya da harabar kotu yake ƙarewa. Makarantu da ɗakunan karatu na gwamnati da suka saba aiki da cibiyar kuwa suka fara ja da baya, don kowane shugaban makaranta yana tsoron kujerarsa.

A 2015 ɗin aka ƙara wata doka ta ƙungiyoyin waje da ba a so, wadda ta mayar da karɓar kuɗinsu laifi. Gidauniyoyin Soros suka shiga wannan jeri a Nuwamba. MacArthur ba ta jira ba, ta sanar da rufe ofishinta tun a Yuli. Wanda ya yi zaton kuɗin ɗan ƙasa zai tsira, labarin Dmitry Zimin ya ishe shi. Zimin, wanda ya kafa kamfanin wayar Beeline, yana kashe dukiyarsa ta hanyar gidauniyar Dynasty wajen tallafa wa matasan masana da buga littattafan kimiyya. Saboda yana turo kuɗin daga asusunsa na waje, aka liƙa wa gidauniyar laƙabin a Mayun 2015, ta rufe a shekarar.

A tsakiyar wannan ƙunci ne aka ga abin da cibiyar take nufi ga birnin. A ranar 3 ga Maris, 2015, a zaurenta aka ajiye gawar Boris Nemtsov, ɗan adawar da aka harbe a kan gada dab da Kremlin. Zauren ƙarami ne, don haka layin masu bankwana ya fito waje, ya ratsa ɗan lambun da ke gefe inda aka kafa wani ɓangare na katangar Berlin, ya miƙe a gefen babban titi mai cunkoson motoci. Tsofaffi da ɗalibai, kowa da furanni a hannu, suka yi sa'o'i a tsaye cikin sanyi, da yawansu har aka fito da gawar ba su samu shiga ba. A nan aka yi bankwana da 'yar gwagwarmaya Valeria Novodvorskaya a 2014, a nan kuma aka yi da ɗan gwagwarmaya Sergei Kovalev a 2021. Wurin ya zama ɗaya daga cikin 'yan ɗakunan da suka rage a Mosko inda za a taru a faɗi abin da ba a faɗa a talabijin. Da kashi ɗaya cikin goma na mutanen wannan layi sun saba ba da rubul 300 duk wata tun shekara goma kafin ranar, da littafin kuɗin cibiyar ya zama wani abu daban.

Gudummawar ɗaiɗaikun mutane ta zo, amma a makare. Dandalin tara kuɗi na Planeta ya fara aiki a 2012, biyan wata-wata ta katin banki ya yaɗu, matasan birane suka koyi ba da kaɗan-kaɗan ga abin da suka yarda da shi. Da yayyafi kogi kan cika, sai dai a wannan karon an riga an fara datse hanyar ruwan. Mai bayarwa ya san sunansa yana rubuce a banki. Bayan an ayyana gidauniyar ɗan adawa Alexei Navalny a matsayin ta masu tsattsauran ra'ayi a 2021, an gurfanar da mutane saboda 'yan kuɗin da suka tura mata. A ɗaya gefen kuma gwamnati ta buɗe tata taskar: Asusun Tallafin Shugaban Ƙasa a 2017, da na ayyukan al'adu a 2021, suna raba biliyoyin rubul duk shekara. Ƙungiyoyin al'adu suka rabu gida biyu, masu ci daga wannan taska suna kiyaye harshensu, da waɗanda aka bari a rana.

Kada a ɗauka akwai wata dabarar kuɗi da za ta tserar da kowa. Gidan tarihin Perm-36, wanda aka kafa a cikin wani tsohon sansanin fursunoni a yankin Ural, ya dogara ne sosai da kuɗin gwamnatin lardi. A 2014 lardin ya karɓe wurin, ya kawar da waɗanda suka gina shi. Ƙungiyar Helsinki ta Mosko ta bi wata hanyar: bayan dokar 2012 ta daina karɓar kuɗin waje gaba ɗaya, ta rage ma'aikata, har shugabarta Lyudmila Alexeyeva, tana da shekara sama da tamanin, ta sa tarin tangaran ɗinta a kasuwa don ƙungiyar ta samu abin aiki. Duk da haka kotu ta rushe ta a Janairun 2023. Wanda ya fi jure kora shi ne ƙaramin gidan wasan kwaikwayo na Teatr.doc, wanda Mikhail Ugarov da Elena Gremina suka kafa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a 2002. A ƙarshen 2014 hukumar birni ta soke hayarsa, ya koma wani wuri, aka sake tayar da shi, ya sake komawa wani. Ya iya yin haka ne domin kayansa kujeru ne da fitilu da 'yan wasa, abin shigarsa kuma daga 'yan kallo. Gidan tarihi mai taskar takardu ba shi da wannan sauƙi.

Ƙarshen ya zo da sauri. An rushe ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Memorial a Disamban 2021. Bayan mamayar Yukiren a ranar 24 ga Fabrairu, 2022, katunan Visa da Mastercard suka daina haɗa Rasha da waje, dubban masu ba da gudummawa suka bar ƙasar, Lukashevsky ma ya koma Jamus. A ranar 1 ga Disamba, 2022, wata sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta haramta wa duk mai wannan laƙabi samun kowane irin tallafi daga gwamnati. Gini kyauta tallafi ne. A Janairun 2023, cikin 'yan kwanaki, aka ayyana Gidauniyar Sakharov da ke Amurka cikin waɗanda ba a so, aka tara wa cibiyar tarar da ta kai rubul miliyan 5, sashen kadarorin birnin Mosko kuma ya aiko da takardar soke yarjejeniyar dukkan gine-ginen: babban ginin, zauren baje koli, da ɗakunan da taskar takardun take. A Afrilu aka kwance kayan nuni, aka zuba littattafai a kwalaye.

Zanen aro ba ya rufe katara. Shekara da shekaru layin haya a kasafin cibiyar fanko ne, kuma duk wanda ya duba lissafin zai ce wannan babbar sa'a ce, domin hayar irin wannan wuri a tsakiyar Mosko da ta cinye rabonta na tallafi. Ashe wannan layi da babu komai a kansa shi ne bashi mafi nauyi da ke wuyanta, kuma mai bin sa yana da ikon rubuta doka ya zo karɓa ranar da ya so. Tarar miliyan 5 ana iya haɗa ta da taimakon jama'a. Tallafin da ya yanke ana iya neman madadinsa. Amma ba yadda za a yi ƙungiyar da kowane mai gida ke tsoron ba ta haya ta sami wani mazauni a cikin wata uku.

Abin da ya tsira shi ne abin da aka riga aka warwatsa. Labaran fursunonin Gulag da aka buga a intanet an kwafe su a wurare da dama. Wani ɓangare na takardun Sakharov tun tuni yana Amurka, a Jami'ar Harvard. Ma'aikatan da suka fita sun buɗe gidan rediyon intanet da sunansa a Berlin. Kuɗin da aka kashe wajen biyan masu buga rubutu da masu ɗaukar hoton takardu, aikin da ba ya burge kowa a rahoton shekara, su ne jarin da ya fi kowane daɗewa.

Alhakin rushe cibiyar yana kan gwamnatin da ta tsara dokoki ɗaya bayan ɗaya don ta toshe kowace hanya, kuma ba wani akanta, komai ƙwarewarsa, da zai iya hana ta. Amma ba na son wannan gaskiya ta rufe ɗaya gaskiyar. Tsakanin 1996 da 2012 akwai shekara goma sha shida da ba laifi ba ne ɗan Rasha ya tallafa wa wurin da ke ajiye sunayen kakanninsa, kuma a rabin waɗannan shekaru yana da abin bayarwa. An bar wa baƙi da attajiri guda da magajin gari wannan nauyi, saboda yana da sauƙi a ɗauka cewa wani zai biya. Wurin da mutum dubu hamsin ke ciyarwa daga albashinsu ana iya rufe shi, amma sai hukuma ta yi shirin ɓata wa mutum dubu hamsin rai. Wurin da gidauniyoyi biyar ke ciyarwa kuwa, takarda biyar ta isa. Tarihin da ya shafi kusan kowane gida a ƙasar ya cancanci 'ya'yan gidajen su ɗauki nauyin ajiye shi, kuma lokacin fara hakan shi ne tun ba a hana ba.